Goyon Uwar Gansakuka

Da sunan Wanda ya zuba gishiri a teku ya hana kogi, ya ba fure ƙamshinsa ya ba mushe nasa, ya kuma dasa wa ɗan Adam hanci a tsakiyar fuska ba tare da ya nemi shawararsa ba. Ku matso ku ji, jama'a, amma kada ku matso da yawa. Wanda ke zaune ta inda iska ke kaɗawa ya sake wuri tun yanzu. Ba zan ji haushi ba, na saba.

Ni ne Jatau ɗan Barmo, mutumin birnin Kandarma da ke bisa duwatsun ƙasar Rugumai, inda ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi tafki faɗi. A da Jatau Mai Turare ake ce mini. Ni ke haɗa wa amare humra, ni ke haɗa wa attajirai turaren wuta, hancina kuwa ya yi suna har ana gardama a kansa a kasuwa. In mutum ya gifta ta gaban rumfata, zan gaya maka abin da ya ci jiya da irin itacen da aka dafa shi da shi. Abin da ya biyo wannan baiwa shi ne ƙyanƙyami. Ba na cin daddawa, ba na bi ta mahauta, in yaro mai majina ya miƙo mini hannu daga nesa nake sa masa albarka.

Mutum ɗaya ce a duniya ba na ƙyamar komai nata, ita ce Yaya Tabawa. Mahaifiyarmu ta rasu ina jariri, Yaya ce ta goye ni, ita ta yaye ni da kunu. Mace ce mai baki, ga murya, in ta ƙwala mini kira daga cikin gida har bakin kasuwa ana ji. Na yi gemu ba ta daina ce mini Auta ba, kuma rana ba ta faɗuwa ba ta yi mini tsiya a kan hancina ba.

Sai maƙoƙo ya fito mata. A garinmu maƙoƙo ba baƙo ba ne, kowace unguwa akwai masu shi, kuma suna tsufa da abinsu. Nata ne ya ƙi tsayawa. Ya fara kamar ƙwan kaza, ya yi ta girma har ya danne mata maƙoshi ta ciki. Tuwo ya daina wucewa aka koma fura, furar ma sai an dama ta ruwa-ruwa. Wanzami ya yi tsaga, boka ya yi hayaƙi, duk a banza. Daga baya muryar ta tafi ɗungurungum. Gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai wani siririn fito da numfashinta ke yi in ta ja iska. Wallahi na gwammace zagin.

Ana cikin haka wata tsohuwar baƙuwa mai sayar da busasshen kifi ta sauka kasuwarmu, ta rasa inda za ta baza kayanta sai daura da rumfata. Na toshe hanci da gefen rawani na fito in kore ta, sai na tarar tana bin wuyan mata da kallo tana girgiza kai.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "me ke damun wuyan mutanen garin nan? A ƙasarmu ban taɓa ganin ɗan gari da wannan abu ba."

Na sauke rawanin daga hancina. "Iya, wace ƙasa ce taku?"

"Bakin Tekun Sanyi. Akwai wata ciyawa da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa, uwar gansakuka, tsayinta ya fi rimi. Ita muke ci tun muna goye. Baƙi kan zo da wuya a kumbure, su sha, ya sace."

"Iya, don Allah ba ki da ko kaɗan a cikin kayanki?"

"Ba a sayar da ita, ba a kuma aika ta. Mai so shi ke zuwa da ƙafarsa." Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi rawanin. "Sai dai kai da wannan hanci naka ban ga ka kai ba."

Ran nan na rufe rumfa. Na damƙa Yaya a hannun maƙwabciyarmu, na durƙusa gabanta na gaya mata inda za ni. Ba bakin magana, sai ta miƙo hannu ta kama hancina ta girgiza, ita a nata tsiya take yi mini, ni kuwa hawaye nake. Na saɓa jaka, ba abin da ya fi nauyi a cikinta kamar wani babban tandu da na cika da almiski. Ba don ciniki na ɗauka ba, don hancina ne.

Na gangara duwatsu, na keta daji, na wuce garuruwan da ban san harshensu ba, har na isa wani wuri da ake kira Kwarin Ƙudaje. Na ji sunan na ce ƙuda dai ƙuda ne. Ashe ƙudan wurin ya kai tattabara girma, kore shar, ga gashi a ƙafafu, idanu jajaye. Matafiya kan wuce su lafiya, don warin gumi bai dame su ba, sun ƙoshi da shi. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne almiski, ni kuwa da safen nan na shafa har bayan kunne. Kai, jama'a! Sama ta yi duhu. Suka sauka a kaina, a wuyana, ɗaya ya dafe mini leɓe da ƙafafunsa masu danshi, Allah kaɗai ya san a kan me ya taka kafin nan. Na yi ihu, wani ya nemi shiga bakin.

Ina gudu ina bugu sai na ci karo da mushen ɓauna, ya kumbura ya fashe, tsutsa na zuba. Nan dabara ta zo mini. Na riƙe numfashi, na buɗe tandun na juye almiskin duka a kan mushen, na tuɓe riga da rawani na jefa a kai. Suka bar ni suka yi masa caa. Na fita daga kwarin daga ni sai wando da jaka da tandu wayam, ina tafe ina tofar da yawu. Almiskin da na tara tun ina saurayi, a cikin ɓauna ya ƙare.

Tun kafin in ga teku hancina ya gan ta. Ni na san wari iri-iri, sana'ata ce. Na san ƙarni, na san ɗoyi, na san zarni da hamami. Wannan kuwa duk ya haɗa su, ya ƙara da wani da ban san sunansa ba. Da na hau tudu na ƙarshe sai ga ruwa ba iyaka, baƙi-baƙi, sanyi na tasowa daga cikinsa, gaɓar kuma an jibge ta da wasu dogayen ganyaye ruwan ƙasa, tsibi-tsibi, suna ruɓewa a rana suna naso. A tsakiyar wannan ƙazanta mutane suka kafa gari. Da ita suke rufin ɗaki, da ita suke igiya, da ita suke miya. Na duba wuyansu ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, tsofaffi da yara, kowa sumul.

Aka kai ni gaban shugaban masu nutso, wani gajeren dattijo mai faɗin ƙirji da ake kira Zulumbu. Na durƙusa zan gaishe shi irin ta mutanen kirki, sai ya tsoma hannu a wata ƙwarya ya kwaso wani yauƙi mai kauri, ya shafe mini fuska da shi tun daga goshi har haɓa. Ashe gaisuwarsu ke nan ga baƙo. Abin ya gangaro mini ta gefen baki. Na juya na amayar da duk abin da na ci tun shekaranjiya, su kuwa suka yi ta tafi, wai alama ce ta baƙo mai tsarkin ciki.

"Sannu da hanya, ɗan tudu," in ji Zulumbu. "Wuyan wa?"

"Na yayata ne, Baba. Ita ta raine ni. Numfashi ma yana nema ya gagare ta."

"To babu zama. Gobe ka shiga."

"Ni? Ai ga ciyawar nan jibge a gaɓa, in ɗiba mana."

"Waccan matacciya ce, taki ce. Mai rai tana ƙasa, kuma mai nema shi ke nutsawa. Ba a sa mata ƙarfe, da haƙori ake yanke ta."

"Baba, ko a tafki ban taɓa wanka ba."

"Ba iyo za ka yi ba, nutsewa za ka yi. Wannan kowa ya iya."

Muna cikin magana idona ya faɗa kan wani dunƙule mai toka-toka da suka tokare ƙofar akurki da shi. Hancina ya shaida shi nan take, ambar ne, irin wanda nake auna wa attajirai da tsinke. Na tambaya a ina suke samunsa. Zulumbu ya ce aman wani babban kifi ne, in cikinsa ya ɓaci yake fitar da shi, ruwa ya turo gaɓa. Na zauna a ƙasa. Shekara da shekaru ashe aman kifi nake shafa wa amare a wuya.

Da gari ya waye suka tuɓe ni suka shafe ni da yauƙin nan daga kai har tafin ƙafa, suka ce haka ake shiga. Muna cikin kwale-kwale, da na ga hankalinsu ya koma kan tuƙi, na sa tsumma na goge abina tas. Da muka kai tsakiya suka ɗaura mini dutse a ƙugu da igiya a ƙafa. Zulumbu ya nuna mini wasu ƙulle-ƙulle masu kama da ƙananan goruna da ke gindin kowane ganye.

"Iska ce a ciki. In numfashinka ya ƙare ka ciji ɗaya ka zuƙa."

Ban gama cewa bismillah ba suka tura ni.

Jama'a, duk ƙyamar da nake wa abin nan, ba zan yi masa ƙarya ba. Daji ne a ƙarƙashin ruwa. Dogayen jijiyoyi sun tashi daga can ƙasa inda ido ba ya kai wa, sun miƙe har sama, suna rausaya tare kamar mata a gaɗa. Hasken rana na ratsowa ta tsakanin ganyaye ya koma ruwan zinariya. Kifaye ja da shuɗi suna shawagi a tsakani, can sama kuma wasu dabbobi masu gashin baki sun naɗe jikinsu da ganye sun yi rigingine suna barci. Na shagala da kallo har ƙirjina ya fara zafi. Na kama goran nan ɗaya na ciza na zuƙa. Wayyo Allah! Ka san ƙwan da kaza ta gaji da kwanci ta tashi ta bari? Iskarsa ce a ciki. Na haɗiye, don babu wata.

Na zaɓi jijiya mai kauri na kafa mata haƙori. Santsi, gishiri, ɗaci, ga wani yauƙi da ke cika baki yana bin maƙogwaro. Ina tauna ina yunƙurin amai, ina cizon gora ina komawa, har ta rabu. Na kwance dutsen zan ja igiya a fitar da ni, sai ruwa ya juya. Ganyayen suka naɗe mini hannu da ƙafa da wuya, suka manne wa fatata, ina fizga suna ƙara ɗaurewa. Goran da bakina ke iya kai wa duk na cinye. Nan na gane amfanin abin da na goge a cikin kwale-kwale. Da ɗan hannun da ya rage mini na kama bakin jijiyar da na yanke, na matse ta, yauƙi ya ɓulɓulo, na yi ta shafa wa wuyana da ƙirjina da cinyoyina da kaina, ni Jatau, ba wanda ya tilasta ni. Sai na sulluɓe daga cikinsu kamar tarwaɗa. Suka jawo ni sama da ƙafa, jijiyar na rungume a ƙirjina.

Zulumbu ya duba jan shatin da ke wuyana, ya dubi tsumman da ke ƙasan kwale-kwale, ya fashe da dariya.

A gaɓa matarsa ta naɗe ciyawar ta yi mata gammo babba, ta aza mini a gadon baya, fata da fata, ta kawo wani majanyi mai kauri na saƙi ta ɗaure ta tamau a ƙirjina.

"Goya ta za ka yi har gida," in ji Zulumbu. "Haka muke yi, ba a sa ta a jaka, ba a aza wa dabba. In ka isa ka jiƙa a ƙwarya, kai mai goyo ka fara kurɓa, sannan mara lafiya ta sha. Abu ɗaya kuma, kafin ranar jiƙon kada ka bari ruwan daɗi ya taɓa ta. Ko kogi, ko rijiya, ko ruwan sama."

"Saboda me, Baba?"

"Haka muka tarar. Mu ba mu taɓa wankewa ba balle mu san abin da zai faru."

Na kamo hanya da goyona. Kwanakin farko yauƙi ne ke tsatsafowa yana bin bayana, majanyin na shanyewa. Daga nan rana ta dafa ta, gumina ya shiga cikinta, wani farin gari kamar fumfuna ya fito mata, majanyin ya yi baƙi ya ƙandare. Warin kuwa ba ya misaltuwa. In hadari ya taso in ruga kogon dutse, wanka kuwa na manta da shi. A Kwarin Ƙudaje, ƙudajen nan da suka kusa cinye ni suka dare suka ba ni hanya. Garin da na shiga neman abinci, a kan dogon itace ake miƙo mini.

A wani daji wasu mutane masu cin naman mutane suka yi mini kwanton ɓauna, suka jefa mini raga suka ja ni har gaban babbar tukunyarsu. Na sallama, na ce Yaya ta rasa ni ta rasa magani. Mai dahuwarsu, wata ƙatuwar mace, ta matso da wuƙa, ta sunkuya ta shinshina, sai ta ja da baya tana kakari. Da na ga haka na langaɓar da kai, na saki baki, na ce da su cikin sanyin murya ai duk garinmu haka muka fara, daga baya sai naman ya riƙa zubowa da kansa.

"Wannan ya daɗe da mutuwa," in ji matar, "shi ne dai bai sani ba. Ku fitar mini da shi kafin ya ɓata mini tukunya!"

Har jaki suka ba ni don in yi saurin barin ƙasarsu. Jakin ma da muka yi nisa ya kayar da ni ya koma.

A haka na iso gindin duwatsunmu, inda wani kogi mai sanyi ke gangarowa garau, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Daga nan ana hango ganuwar Kandarma. Na kwance goyon don in gyara ɗauri, na dube shi da kyau a karon farko. Baƙi, fari-fari, yana naso, wasu ƙananan ƙwari na fita daga cikinsa. Na tuna maƙoshin Yaya da ko fura ba ya karɓa sai da lallashi. Wannan ƙazanta zan ɗura mata? Sai sana'ata ta yi mini magana. Mu masu turare akwai abin da muke sa wa a humra da ake kira farce, shi ma daga ruwa ake kawo shi, da ƙarninsa da dattinsa. Jiƙa shi muke yi, mu kankare, mu wanke, mu sake wankewa har ƙarnin ya fita, sannan amfaninsa ya bayyana. Na ce a raina, mutanen da ke gaisuwa da yauƙi ina suka san tsabta? Shi kansa Zulumbu ya ce ba su taɓa gwadawa ba.

Na tsoma ta a kogi. Na cuɗa, na murza da yashi, na ɗauraye, ruwan ya yi ta tafiya da wani abu ruwan ƙasa, ban daina ba sai da ta koma kore-kore, laushi, ba wari ko kaɗan. Na yi wanka ni ma, na ji na koma mutum. Majanyin kuwa ko taɓa shi ban iya yi da hannu ba. Har zan tura shi cikin ruwa da kara sai na tuna mutanen garinmu da musu, in na ba su labari za su ce ƙari nake. Na cusa shi da karan cikin tandun almiskin nan da ya zama wayam, na toshe, na liƙe bakin da kakin zuma, don duk wanda ya ƙaryata ni in buɗe masa ya shaƙa.

Na tarar da Yaya ta zama ƙashi da fata, a jingine take kwana don in ta miƙe numfashi ɗaukewa yake. Da ta gan ni ta ɗaga hannu, bai kai hancina ba ya faɗi. Na jiƙa ciyawar a sabuwar ƙwarya, na kurɓa, salam kamar ruwan randa, har ina yaba wa kaina. Na ba ta ta sha. Na ba ta gobe, na ba ta jibi, na yi ta ba ta har ciyawar ta kusa ƙarewa. Maƙoƙon ko gezau. Fiton numfashin ya ƙara sirancewa, leɓunanta suka fara yin baƙi. Maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce, "Jatau, a fara sanar da dangi."

Na fita tsakar gida da rana tsaka na zauna da ƙwaryar a gabana. Na kai hanci na shinshina jiƙon, ban ji komai ba. Ni da kaina na san abin da ba shi da ƙamshi ba shi da wari, an riga an cire masa rai, da haka nake gane gajijin turaren da aka taɓa dafawa aka sake shanyawa. Na tuna ruwan ƙasan nan da kogi ya tafi da shi. Maganin ke nan na tsaya ina kallo yana gangarawa, har ina murna. Komawa teku kuwa, ko tsuntsu ne ni ba zan tarar da ita ba. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka irin na yara.

Ina cikin kukan, rana ta gasa jakata da ke rataye a jikin rumbu da tandun nan a ciki, kakin ya yi laushi. Sai wani siririn abu ya zo ya taɓa mini hanci, abin da duk Kandarma ba mai iya jinsa sai ni. Ban taɓa murnar jin ɗoyi ba sai ran nan. Na zabura na fizgo tandun na fasa shi da taɓarya.

Maƙwabciyarmu ta yi waje da gudu ba mayafi. Kaji suka haura katanga. Daga gida na uku wani ya ɗaga murya yana tambaya ko masai ne ya rufta. Ga majanyin nan, baƙi ƙirin, a ƙandare, duk abin da ciyawar ta tsatsafo tun daga bakin teku yana cikinsa, tare da gumin bayana na tafiyar gaba ɗaya. Na ɗauke shi da hannuna biyu. Na tsoma a ƙwarya, na cuɗa, na matse, ruwan ya yi kauri ya yi duhu yana ja kamar miyar kuɓewa.

Na kai wa Yaya. Ta shaƙa, ta zaro ido, ta kawar da kai ta datse baki. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, ta ƙi. Sai ta juyo ta kafa mini ido, ta dubi ƙwaryar, ta dubi hancina. Na gane. Ta san ni tun ina tsumma, ta san ko daddawa ba na ci.

Na ɗaga ƙwaryar na kafa kai. Ba kurɓa na yi ba, sha na yi, maƙwat, maƙwat, ina jin gishiri da ruɓa da tsamin jikina suna wucewa. Cikina ya yunƙuro har wuya, na toshe baki da hannu na mayar da shi, hawaye na zuba, ina kallonta tana kallona. Da ta ga ya zauna, sai ta buɗe baki.

Na shanya majanyin a inuwa, na yanka shi ƙanana, kullum in jiƙa guda, kullum kuma ba ta sha sai na fara sha. Sannu a hankali fiton ya ragu. Ta fara kwanciya a miƙe. Fura ta wuce, kunu mai kauri ya wuce, fatar wuyan ta fara yin tamoji. Murya ce dai shiru. Ni kuwa warin ya kama hannuwana da numfashina ya zauna, na wanke da toka, na wanke da lemun tsami, na turara kaina da sandal har na kusa shaƙewa, yana nan. Na buɗe rumfa, amare suka aiko a gaishe ni daga nesa, suka koma wurin wani. Ban sake sayar da ko tsinken turare ba har yau.

Wata safiya na shiga da ƙwaryar yanki na ƙarshe, na durƙusa kusa da ita, na sha nawa ina yamutsa fuska kamar kullum. Na miƙa mata. Ta karɓa ta shanye, ta goge baki, ta yi gyaran murya. Wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya ta fito, kamar ta tsohuwar ƙofa.

"Auta."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna. "Na'am, Yaya! Na'am!"

"Matsa can. Kana wari."

Na fashe da kuka na rungume ta. Ta kama hancina ta girgiza da ƙarfinta na da.

"Ji sakarai, na ce ka matsa ka ƙara matsowa. To zauna. Ni da na goye ka kana tsula mini fitsari a baya har ka yi wayo, wa ya ji na kai ka kogi na wanke?"

Kafin wata ya ƙare, daga cikin gida take ƙwala mini kira ana ji a bakin kasuwa. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, da abin da hancina ya sha. Wanda bai yarda ba tandun ya riga ya fashe, amma ga hannuna, ya matso.